Piyanon Katako na Mushe Gazali

Ƙarfe goma sha ɗaya na safiyar Laraba, rana ta riga ta yi zafi kamar azahar. Hadari ya taru can gabas da Urafane ya tsaya cik, bai zo ba, bai watse ba. A ajin turwazyam, ajin ƙarshe na wata ƙaramar kwaleji ta ƙauye, Umaima tana tsaye gaban tebur tana kaɗa piyano da hannu biyu, ajin kuwa tsit, har ana jin kwanon rufi yana ƙas-ƙas saboda zafi.

Piyanon na katako ne. Wani dogon katako ne mai faɗi wanda malamin tarihi Gazali, da ake ce wa Mushe kamar kowane malamin boko, ya sa kafinta ya goge, shi kuma ya zana masa farare da baƙaƙe da fenti, baƙaƙen bibbiyu da uku-uku, yadda ya gani a Maradi shekarar da aka aike shi horo na sati biyu. Yara suna kiransu haƙora. Ba ya ƙara. Ko ka doke shi da taɓarya, ƙarar katako zai yi maka. Amma shekara goma sha ɗaya ke nan ana koyon kiɗa a kansa kowace Laraba, kuma da tsari, don Mushe ya dawo daga Maradi da takarda mai shafi huɗu.

Shafi na farko na 'yan sizyam ne, wato 'yan ajin farko: wanke hannu, tsayuwa daidai, da yatsa guda. 'Yan sankyam su ƙara sauran yatsu huɗu. A katiryam a shigo da ɗaya hannun, a kuma halatta taɓa baƙaƙen haƙora. A turwazyam sai a haɗa hannu biyu. In yaro ya ce, "Mushe, yaushe za mu ji abin da muke kaɗawa?" sai ya ce, "Sauti sai lise, makarantar gaba. Kada ka yi gaggawa, yaro."

Yadda ake darasin kuwa, Mushe yana zaune a gefe guda na tebur da katakon gabansa, ɗalibi ya zo ya tsaya ta ɗaya gefen yana fuskantarsa, kamar mai sayen nama gaban mahauci. Haka ya dace. Yaro ba ya jera kafaɗa da malaminsa, balle 'yan mata da suka fara girma. Duk haƙorin da Mushe ya danna, shi ɗalibi zai miƙa yatsa ya danna daga inda yake.

Su Umaima su arba'in da takwas suka fara a sizyam. Wasu sun tafi Najeriya, wasu gona ta riƙe su, wasu sun gaji da kiɗan da ba a ji. Waɗanda suka kai turwazyam su tara ne, kuma a cikinsu babu kamar Umaima. Ita a gida ma ba ta hutawa. Tana kaɗawa a bakin turmi, a kan faifai, a gadon bayan ƙanenta in ya yi barci. Har Innarta ta taɓa karɓo mata rubutu, don ta ce yatsun yarinyar nan ba su kaɗai suke motsi ba.

"Kai!" Mushe Gazali ya dafe kunne ya ɓata fuska. "Wanga haƙori na Fa ya yi tsami, ɗiyata. Sake."

Umaima ta sake. Ita ma ta ji tsamin, a cikin kanta. Waƙar makarantarsu ce take kaɗawa, wadda Mushe ya tsara da kansa, wadda suke rerawa kowace Litinin gaban tuta. Ta san inda waƙar ke hawa da inda take sauka, kuma duk lokacin da yatsunta suka bi katakon tana jin ta sarai tsakanin kunnuwanta biyu.

Ana cikin haka sai Direkta Sharifu ya shigo da wata igiya a hannu. Yara suka miƙe. Bai ce su zauna ba. Ya wuce wajen tebur, ya ce, "Pardo, a gafarce ni, ci gaba da kiɗinku," ya durƙusa ya shiga auna katakon da igiyar, tsawo da faɗi. Ya ƙulla alama a igiyar, ya gyaɗa kai.

"Ranka ya daɗe, mi ake aunawa?" in ji Mushe Gazali.

"Ƙofa nike aunawa, Mushe. Garken awakina ba shi da ƙofa. Ruwa na sauka mutane za su yi shuka, awakin nan su fita su cinye wake, a kai ni gaban mai gari kamar bara. Wanga katako kuwa kamar don garken nan anka yanke shi." Ya miƙe yana kakkaɓe gwiwa. "Kuma awar nan ta Laraba, malamin lissafi yana so."

"Kayan koyarwa ne!"

"Kayan koyar da mi? Shekara shida nike nan, ban taɓa jin ko ƙis ba."

"Ai don ba ka yi sizyam wajena ba."

Yara suka danne dariya. Direkta ya dube su ɗaya bayan ɗaya, sannan ya ce, "Bo, shi ke nan. Ran Asabar akwai bikin makarantu a Tessaoua, kuma an ce za a kawo piyano na gaske. Ka ba ni gwanarka ta hau. In ta kaɗa waƙar makarantar nan, ni da kunnena na gane ta, katako naka ne, Laraba taka ce. In ban gane ba, ran Lahadi ƙusa ta shige shi."

Ya fita. Duk ajin suka juyo suna kallon Umaima. Shekara huɗu take tsaye gaban katakon nan. Ba ta so a ce ƙofar awaki ta yi wa tsayuwar.

Ran Asabar suka shiga motar kasuwa su goma har da Mushe, da kuma katakon, don ya ce sai Umaima ta yi bita a hanya. Direban ya ɗaure shi bisa buhunan gero, Umaima ta haye ta durƙusa gabansa, Mushe ya zauna ta ɗaya gefen riƙe da hularsa. Duk ramin da mota ta faɗa sai yatsanta ya zame, Mushe ya dafe kunne. Wata tsohuwa mai ƙwaryar nono ta daɗe tana kallonsu, can ta matso ta ce wa Mushe a hankali, "Malam, asibiti za ku kai ta? Allah ya ba ta lafiya." Direkta yana biye da su a kan babur, igiyarsa a aljihu.

A gidan matasa na Tessaoua an kafa rumfa, an jera kujeru, manyan baƙi da alƙalan gasa uku suna gaba. Makarantu huɗu ne suka zo. 'Yan Maijirgi suka yi kiɗan ƙwarya. Wata makaranta ta yi wasan kwaikwayo kan wanke hannu, wata ta yi waƙa da ganga. Bayan an dawo daga sallar azahar sai mai gabatarwa ya kira sunan Umaima.

Piyanon na wani mai kiɗan biki ne da ake kira Jatau, wani dogo mai baƙin tabarau, an ɗauko shi da kayansa da injin wutarsa, gurup, wanda ke ta ruri bayan rumfa. Ya ɗora piyanon bisa ƙafafun ƙarfe, ya ajiye kujera a bayansa yadda mai kaɗawa zai fuskanci jama'a. Ya kama hannun kujerar ya ce, "Bismilla, ƙanwata."

Umaima ta zauna. Abu biyu suka dame ta nan take. Na farko, ba ta taɓa kiɗa a zaune ba. Na biyu, haƙoran ba daidai suke ba. Baƙaƙen sun gudu can nesa, fararen sun matso kusa da cikinta. A nata sanin, baƙaƙe su ne kusa da mutum. Ta ɗaga kai ta nemi Mushe a cikin jama'a, ya yi mata alama da hannu: fara. Ta ce a ranta, ƙila haka na birni suke.

Ta ɗora yatsa ta danna.

Abin ya yi ƙara. Wata irin ƙara ta fito daga lasifika ta daki ƙirjinta, ta zabura ta miƙe, kujera ta faɗi. "A'uzubillahi!" ta ce, kuma mikro ya ɗauka ya kai wa har masu tallar ƙosai a bakin ƙofa. Jama'a suka kwashe da dariya.

"Mi ya faru?" in ji Jatau.

"Kuka ya yi."

"To, da mi kike so ya yi? Ai aikinsa ke nan."

Ya ɗaga mata kujera. Ta koma ta zauna, ta ja numfashi, ta rufe ido kamar yadda take yi a aji, ta saki yatsunta suka bi hanyar da suka sani.

Abin da ya fito ba waƙar makarantarsu ba ce. Ba waƙar kowa ba ce. Inda waƙar ya kamata ta hau, sai ta gangara ƙasa tana gurnani kamar saniya ta faɗa rijiya. Inda ya kamata ta sauka ta huta, sai ta haye sama tana tsuwa. Yatsunta ba su yi kuskure ko ɗaya ba, ta san haka, amma waƙar da ke cikin kanta ta nufi gabas, wadda ke fita daga lasifika ta nufi yamma. Wani jariri ya tsala ihu. Wani tsoho a layin baya ya tambayi na kusa da shi ko wani babba ne ya rasu. Umaima ta buɗe ido ta hangi Direkta ya fiddo igiyarsa yana naɗe ta a yatsa, yana murmushi. Mushe Gazali kuwa ya dafe kunnuwa biyu, kuma wannan karo da dalili.

Ta tsaya. Idonta ya cika da ƙwalla. Ta dubi haƙoran nan da kyau, ta dubi baƙaƙen da suka gudu nesa, sai ta juya wajen Jatau.

"Yaya, piyanonka a juye yake."

"A juye?" Ya cire tabarau. "Ke, shekara goma sha biyar nike cin abinci da shi. Daga nan har Mayahi babu amaryar da ban kai ɗaki da shi ba. Yau za ki ce mini a juye yake?"

"Wallahi a juye yake. Ka zaunar da ni wajen malami."

"Wane malami?"

Ba ta tsaya yi masa bayani ba. Ta miƙe, ta zagaya piyanon, ta tsaya ta gabansa, ta ba manyan baƙi da alƙalai da dukan jama'a baya. Wani daga cikin alƙalan ya ce, "Ina za ta?" Ita dai ta ga abin da take nema: baƙaƙe kusa, farare nesa, kowane haƙori a gidansa. Sai dai akwai tarin maɓallai da ƙananan fitilu tsakaninta da haƙoran, dole ta ɗaga dugadugai ta miƙa hannu ta bisansu. Garin miƙawa gefen hijabinta ya taɓa wani jan maɓalli, sai ga kiɗan ganga ya tashi shi kaɗai daga cikin piyanon, dum-cas, dum-cas. Jatau ya yi tsalle zai kashe. Umaima ta ce, "Bar shi," don ta ji tafiyar gangar daidai take da tafiyar waƙar.

Ta fara.

Layin farko bai ƙare ba 'yan ajinsu takwas suka dubi juna. Ita ce. Waƙar Litinin ce, da hawanta da saukarta, da ɗan lanƙwasar nan ta tsakiya inda kullum 'yan sizyam ke ɓacewa. Umaima ta ji abin da ke cikin kanta shekara huɗu ya fito waje yana yawo cikin rumfa, kowa yana ji. Gashin jikinta ya tashi. Ba ta ga kowa ba, bangon gidan matasa kawai take kallo, da wani ƙadangare a kansa, amma ta ji muryoyin 'yan ajinsu sun kama waƙar daga bayanta.

Sai kuma ta ji wata murya mai kauri ta shigo, wadda ta sani sarai, don ita ce ke rufe ta kowa kowace Litinin. Direkta Sharifu ne. Shekara shida, duk lokacin da waƙar nan ta tashi, yana miƙewa ya ƙame gaban tuta ya rera, kuma ƙafafunsa ba su nemi shawararsa ba yau. Ya miƙe tsaye tsakiyar manyan baƙi, hannu a gefe, haɓa sama, igiya tana reto a yatsansa. Da manyan baƙi suka ga wani direkta ya ƙame, suka ɗauka abin na hukuma ne, su ma suka miƙe. Alƙalai suka miƙe. Rumfa duka ta miƙe. Har sai da aka kai baiti na uku, inda ake yabon rijiyar makaranta, sannan wakilin hukuma ya fara waige-waige.

Da ta gama aka yi tafi har da guɗa. Umaima ba ta san yadda ake kashe gangar ba, don haka ta bar ta tana dum-cas ta sauka.

Alƙalai suka haɗa kai suka daɗe suna gardama. Ɗaya ya ce kiɗa ya yi daɗi. Ɗaya ya ce ba a taɓa ba manyan baƙi baya a gidan matasa ba. Na ukun ya duba takardar dokoki gaba da baya, ya ce ba a faɗi ta wane gefe ake tsayawa ba, amma kuma ba a ce a zagaya ba. Daga ƙarshe aka ba su na huɗu cikin makarantu huɗu, da ƙwallon ƙafa guda.

Umaima ba ta damu da wannan ba. Ta kutsa cikin jama'a ta sami Direkta yana tayar da babur.

"Mushe Direkta, ka gane ta?"

"Ni tsayawa na yi in miƙe ƙafa."

"Har da waƙa?"

Ya dube ta, ya dubi sauran yara takwas da suka kewaye babur ɗin suna jira. Ya yi tsaki. "Ku riƙe katakonku. Ƙaya zan sa a saro a toshe garken." Ya ba da wuta, sannan ya waiwayo. "Amma in awakin nan sunka ci waken mutane, ku za ku je gaban mai gari ku kaɗa mishi piyano."

Yara suka yi ta ihu suna buga ƙwallo. Umaima ta nemi Mushe Gazali ba ta gan shi ba, sai can ta hango shi ƙarƙashin wata bishiyar bedi bayan rumfa, zaune kan benci shi kaɗai, hularsa a gwiwa. La'asar ta kusa, jama'a suna watsewa, ana tara kujeru. Ta je ta durƙusa gefe.

"Mushe, katako ya tsira."

"Na ji." Bai ɗago ba. "Shekara goma sha ɗaya, ɗiyata. 'Ya'yan mutane ɗari nawa na koya ma kiɗa ta baya? Akwai wanda yanzu haka yake lise a Maradi. Allah kaɗai ya san ta inda yake tsayawa."

"Ai duk inda ka danna, nan muke dannawa. Kuma ta fito daidai."

"Ta fito." Can ya ce, "Ashe haka take. Ban san tana da daɗi haka ba."

"Ba ka taɓa jin ta ba, Mushe?"

"A ina? Horon nan na Maradi, mu sittin ne, piyano ɗaya. Mai koyarwa ya ce kowa zai taɓa ran ƙarshe. Ran ƙarshe anka ɗauke wuta." Ya juya hularsa. "Na dai gan shi da kyau. Na kusance shi ƙwarai."

Umaima ta sunkuyar da kai tana wasa da wani tsinke.

Ashe Jatau yana nan kusa da su yana naɗe waya, ya ji duk abin da aka faɗa. Ya riga ya sauke lasifika ɗaya, ya kai hannu zai kashe gurup, sai ya fasa. Ya koma cikin rumfa ya ɗauko piyanon da ƙafafunsa, yana jan wayarsa a ƙasa, ya zo ya dasa shi gaban bencin, fararen haƙora suna kallon cikin Mushe Gazali. Ya rage ƙarar, ya goge ƙurar kai da hannun riga.

"Baba, duba mini wanga, kada yara su taɓa. Shayi zan sha."

Ya sa tabarau ya nufi bakin ƙofa, bai waiwayo ba. Mushe Gazali ma bai bi shi da kallo ba. Ya daɗe yana duban haƙoran. Sannan ya ɗauki butar da ke gindin bedi ya wanke hannu, ya goge a rigarsa, ya gyara zama, ya miƙa yatsa guda.